Daga Filasko Zuwa Kafso: Tarihin Sanin Hanyar da Magani Ke Bi a Jiki

Duk wanda ya taɓa jinyar mara lafiya a Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Kebbe, ya san tambayoyi uku da akan yi wa mai ba da magani: guda nawa zai sha, sau nawa a yini, kwana nawa. Akwai ta huɗu wadda ba kasafai ake yin ta ba, alhali sau da yawa ita ce ke raba wanda ya warke da wanda ciwo ya komo masa bayan mako biyu. Tambayar ita ce: da me zai sha, kuma yaushe? Da ruwa ko da nono, kafin cin abinci ko bayansa, a haɗiye ƙwayar yadda take ko a daka ta?

Dalilin tambayar shi ne, haɗiye magani somin tafiya ne kawai. Ƙwayar da ta wuce maƙoshi sai ta jiƙa ta farfashe, sannan sinadarin da ke cikinta ya narke. Yawancin magunguna ba a tumbi suke shiga jini ba, sai sun gangara ƙaramin hanji, inda za su ratsa bangonsa. Daga nan ma jijiya ba ta kai su zuciya kai tsaye, hanta take fara kai su, ita kuwa hanta takan karɓi nata kason kamar mai karɓar haraji a bakin kasuwa. Abin da ya saura shi ne ke zagaya jiki ya yi aiki. A kowane zango na wannan hanya ana iya yin hasara. Akwai fannin ilimi sukutum da ba ya da wani aiki sai bin diddigin wannan tafiya, masana suna kiransa bayofamasutiks, mu kuwa a nan za mu ce da shi ilimin tafiyar magani a jiki. Yana da tarihi, kuma ƙasar Sakkwato tana da nata babi a ciki.

Mai karatu zai iya zaton cewa sai da Bature ya zo aka fara rubuta yadda ake haɗa magani a wannan yanki. Ba haka ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ɗan'uwan Muhammadu Buhari wanda gidan sarautar Tambuwal ya fito daga tsatsonsa, ya wallafa littattafai da dama a kan ilimin likitanci cikin Larabci. Ya yi rubutu a kan ciwon ido, da basir, da ciwon ƙoda, ya kuma keɓe wani ɗan littafi ga ganyen da Larabawa ke kira sana, wanda mu muka sani da filasko. Baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo shi ma ya taɓa batun lafiyar jiki a cikin rubuce-rubucensa. Sarkin da ke fama da yaƙe-yaƙe da kafa ribaɗoɗi, amma ya sami sararin zama ya yi wa ganye guda littafi, lallai ya ɗauki sha'anin magani da muhimmanci.

Na daɗe ina jin daɗin wannan batu na filasko, domin da masanan yau za su nemi misali guda da za su koyar da ɗalibai yadda ake aika magani wani keɓaɓɓen wuri a ciki, da wuya su sami wanda ya fi shi. Sinadarin da ke cikin ganyen a ɗaure yake da wani nau'in sukari, kuma muddin yana ɗaure ba ya aiki. Haka yake wuce tumbi, ya wuce ƙaramin hanji, jiki bai tsotse shi ba. Sai ya isa babban hanji, ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a can su kwance ɗaurin, sannan ya farka ya motsa hanjin. Shi ya sa wanda ya sha filasko ba ya ganin aikinsa nan take, sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, shi ya sa kuma aka fi shan sa da dare. Magabata sun san lokacin ta hanyar lura da gwaji, hikimar da ke ƙarƙashinsa ce sai daga baya ɗakunan bincike suka tono. Wanda bai san wannan jinkiri ba shi ne ke ƙara sha bayan awa biyu yana cewa bai yi aiki ba, gari ya waye masa da murɗar ciki da zawo. Kuma ko kusa bai dace a ba mai matsanancin ciwon ciki da ba a san sababinsa ba.

Bello bai tsaya ga abin da ya gada ba. Da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Sarkin ya nuna yana so har da a aiko masa da likita daga Ingila ya zauna a garin. Clapperton ya komo a 1826, amma likitocin da suka taso tare da shi babu wanda ya iso, shi kansa kuma a nan ajali ya same shi a 1827.

Abin dariya, da likitan ya iso, ƙwayoyin da zai zo da su ba lallai su fi jiƙon filasko isa inda aka aike su ba. A wancan zamani, a Turai da Amurka, ana murza magani ne da hannu a dunƙula shi da ƙaro ko wani abu mai danƙo. Idan ya daɗe a kan kanta sai ya bushe ya zama kamar tsakuwa, mara lafiya ya haɗiye, ƙwayar ta fita yadda ta shiga. A 1843 wani Bature ɗan Ingila, William Brockedon, wanda ainihin sana'arsa zane ce, ya yi rajistar dabarar matse garin magani ya zama ƙwaya. A 1885 kuma wani likita a jihar Mishigan ta Amurka, William Upjohn, ya yi rajistar ƙwayar da babban yatsa zai iya murƙushewa, ya mai da wannan ya zama tallarsa. Sai a 1897 masana biyu, Arthur Noyes da Willis Whitney, suka fitar da lissafin saurin narkewar daskararren abu a ruwa. Su ba magani ne a gabansu ba, kuma an shafe fiye da shekara hamsin kafin masu haɗa magunguna su gane cewa lissafin nan nasu ne.

A Najeriya kuwa, koyar da haɗa magani irin na asibiti ya fara ne daga Legas, inda aka yi makarantar Yaba, aka kuma kafa ƙungiyar masu haɗa magunguna ta ƙasa a 1927. Arewa ta sami tata makarantar a Zariya wajen 1930. Waɗanda ake yayewa a lokacin disfensa ne, aikinsu su auna, su dama, su zuba a kwalba, su rubuta yadda za a sha. Ƙasa da su akwai malaman ɗakunan shan magani na En'e, waɗanda su ne talakan karkara ya sani. Dattawa suna iya tuna zamanin da mutum kan tafi ɗakin shan magani da kwalbarsa a hannu, a tsiyaya masa farin ruwa ko ja, a ce ya girgiza kafin ya sha. Wannan tsari yana da rauninsa, amma yana da wani alheri da ba a lura da shi ba: maganin ruwa ya riga ya narke ko ya kusa, kuma wanda ya haɗa shi shi ne ke miƙa shi. Da masana'antu suka karɓe aikin haɗawa, ƙwaya da kafso suka maye gurbin kwalba, sai sirrin abin da ke cikin magani ya koma hannun mutanen da mara lafiya ba zai taɓa gani ba.

Duniya ba ta farga da haɗarin hakan ba sai da aka ji jiki. A 1968, a ƙasar Ostareliya, likitoci suka fara ganin masu farfaɗiya waɗanda suka daɗe lafiya lau a kan maganin fenitoyin suna zuwa da jiri, da tangaɗi, da gani biyu-biyu, alamun maganin ya yi musu yawa. Ba a ƙara musu adadi ba, sunan maganin bai sauya ba, nauyinsa a cikin kafso yana nan yadda yake. Da aka bincika sai aka tarar kamfanin ya sauya garin da ake cika kafson da shi ne kawai, ya bar wani gishirin kalsiyam ya koma sukarin madara. Tsohon garin yana riƙe wani kaso na maganin ya hana shi shiga jini, sabon kuwa ya sake shi duka. Abin da ake ɗauka cikon banza ne ashe shi ke riƙe da linzami. Shekaru kaɗan bayan haka, a 1971, aka nuna a Amurka cewa ƙwayoyin digoksin na ciwon zuciya, masu adadi ɗaya a rubuce, suna ba da mabambantan ma'auni a jini gwargwadon wanda ya yi su. Sunan fannin ya riga ya bayyana tun 1961 a wani rubutu na John Wagner, wanda a lokacin yake aiki a kamfanin da Upjohn ɗin nan ya kafa, amma waɗannan masifu ne suka sa hukumomi suka tilasta gwajin narkewar ƙwaya, jami'o'i kuma suka ba fannin kujera ta kansa. A 1995 Gordon Amidon da abokan aikinsa suka kasa magungunan sha gida huɗu bisa tambayoyi biyu: yana narkewa da sauƙi? Yana ratsa hanji da sauƙi? Har yau da wannan rabo ake aiki.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ita ta gaji makarantar Zariya ta ɗaga karatun zuwa digiri, kuma shekaru da yawa ɗan Sakkwato da ke son wannan ilimi can yake nufa. Jami'ar Sakkwato ta zo a 1975, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 1988, yau kuma tana da tsangayar kimiyyar haɗa magunguna, inda ɗalibi ke koyon yadda ake buga ƙwaya, da auna minti nawa take ɗauka kafin ta farfashe, da zana yadda magani ke hawa da sauka a jini. Burin da Bello ya nema daga ƙetare yanzu ana koyar da abin da ya fi shi a cikin garinsa.

Buƙatar irin waɗannan masana a ƙasarmu ba ƙarama ba ce, domin yawancin abin da muke sha ba na kamfanin da ya ƙirƙiro maganin ba ne, na wasu kamfanoni ne da ke yin irinsa da rahusa. Wannan ba aibi ba ne, da babu su da talaka bai sha magani ba. Sharaɗin dai shi ne a tabbatar ƙwayarsu tana kai sinadarin cikin jini daidai da ta asali. A 2001 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a kan samfuri 581 da aka saya a shagunan magani na Legas da Abuja, aka tarar kashi 48 cikin 100 ba su faɗa cikin iyakar da aka gindaya ba. Masu binciken sun ga cewa yawanci sakacin masana'anta ne ya jawo, ba zamba da gangan ba. A shekarar ce Dora Akunyili ta karɓi ragamar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, abin da ya biyo baya kuwa jama'a sun sani. Sai dai lambar rajista a jikin kwali tana magana ne a kan ranar da magani ya bar masana'anta. Ba ta san abin da ya same shi a shagon kwano cikin watan Afrilu ba, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, alhali a jikin yawancin kwalaye an rubuta kada a ajiye a inda ya wuce 30. Ba ta kuma san da me aka haɗiye shi ba.

A nan ne ilimin ya shigo cikin ƙwaryar abincinmu. Ɗauki nono, wanda babu gidan da ba ya shiga daga Sanyinna har Kuchi. Wanda ya sha tetirasaikilin, kafson nan ja da rawaya, ko sifrofuloksasin da ake yawan bayarwa don taifot da ciwon mafitsara, ya bi shi da fura da nono, to kalsiyam ɗin da ke cikin nonon zai kama maganin ya ƙulle shi, kaso mai yawa ya wuce hanji bai shiga jini ba. Haka maganin ƙarin jini da farin maganin gyambon ciki suke yi wa waɗannan biyun. Mutum ya biya kuɗi, ya sha a kan lokaci, amma rabin magani ya samu, kuma rabin magani shi ne makarantar da ƙwayoyin cuta ke koyon bijirewa. Abin da ake so shi ne a sha su da ruwa zalla, a bar tazarar aƙalla awa biyu kafin nono.

Sai ga maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda Najeriya ta koma kansa wajen 2005 bayan kulorokwin ya gaza, irin su Coartem da 'yan'uwansa. Shi lamarinsa a juye yake. Ɗaya daga cikin sinadaransa biyu, lumefantirin, ba ya narkewa sai da maiƙo. Gwajin da aka yi a kan masu lafiya ya nuna abinci mai maiƙo yana iya ninka shigarsa jini har sau goma sha shida. Shi ne kuma sinadarin da ke daɗewa a jiki yana share ragowar ƙwayoyin cutar bayan ɗan'uwansa ya yi saurin sauke zazzaɓin. Yaron da aka ba shi da ruwa kawai a kan yunwa zai iya tashi ya yi wasa a kwana na biyu, uwa ta yi hamdala, bayan mako biyu ko uku zazzaɓi ya dawo, a ce maganin jabu ne ko kuma sabon sauro ne. Maiƙon da ake bukata ba shi da yawa. Wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna ɗan abin da bai kai giram biyu ba ya wadatar. Nonon uwa ya isa ga jariri. Ga babba kuwa, kindirmo ya fi tsala, tunda ita tsala an riga an kaɗe man, haka kunun gyaɗa ko 'yar miya mai mai za su yi. Dubi yadda ƙwarya ɗaya ta nono ta zama abokiyar wani magani, abokiyar gabar wani. Babu yadda hankali kaɗai zai gano wannan, sai an koya wa mutum.

Shayi ma yana da nasa laifin, yana rage shigar maganin ƙarin jini, abin da ya kamata mai juna biyu ta sani. Rifamfisin na tarin fuka ya fi shiga idan ciki babu komai. Doksisaikilin kuwa idan aka haɗiye shi da miyau aka kwanta, yana iya maƙalewa ya ƙona maƙoshi, sai da cikakken kofin ruwa, a zaune.

Sai batun daka ƙwaya, wanda ya fi ba ni tsoro. Tun 1952, da aka fitar da kafso na farko mai sakin magani sannu a hankali, masana'antu suka ƙware wajen gina ƙwayar da za ta raba aikinta cikin awa goma sha biyu ko yini guda. Wasu magungunan hawan jini, irin su nifedifin mai dogon aiki, haka aka gina su. Idan tsoho ya kasa haɗiya, 'ya'yansa suka daka masa cikin tausayi suka dama a kunu, sun ba shi maganin yini guda a lokaci ɗaya, jininsa na iya faɗuwa warwas. Ƙananan tsabar da ke cikin kafson omefrazol kuma riga gare su wadda ke kare su daga tsamin tumbi, wanda ya tauna su ya yaga rigar. Da yawan ƙwayoyi ba su da matsala idan an raba ko an daka, amma ido ba ya bambance su, sai an tambaya.

Iyayen yara a wannan yanki sun ga amfanin fannin da idonsu ko da ba su san sunansa ba. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin riga-kafin zazzaɓi kowane wata a lokacin damina a ƙasashen Sahel, shirin kuma ya iso jihar Sakkwato a 2015. Da farko ƙwayoyin masu tauri ne, sai an daka an zuba sukari, ga amodiyakwin da ɗacin tsiya, yara suna tofarwa ko su amayar. Daga baya aka kawo ƙwaya mai zaƙi wadda ke narkewa a cokali cikin ɗan ruwa. Sinadarin bai sauya ba, siffar ce aka gyara, aikin ya zo da sauƙi. Amma ko a nan, mai rabawa na ranar farko kawai yake bayarwa da hannunsa, na kwana na biyu da na uku a hannun uwa ake barin su. Abin da aka gaya mata a zaure ko a tsakar gida cikin minti biyu shi ne iyakar karatun da za ta yi aiki da shi.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, masanin da jami'a ta yaye ba kasafai yake zama a Kebbe ba. Birni ke janye shi, ko Abuja, ko ƙasar waje, kuma ban ga laifinsa ba idan babu abin da zai riƙe shi. Wanda mutumin ƙauye ke samu da dare shi ne mai kemis, sai jami'in lafiya na ƙaramin asibiti, irin waɗanda kwalejojin fasahar lafiya na Gwadabawa da Jega ke horarwa. Hukumar kula da harkar magunguna ta ƙasa, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita ke ba masu kemis lasisi. A ganina, nan ne ya kamata masu neman bunƙasa wannan ilimi su fi zuba ƙarfinsu. Ɗakin gwaji mai na'urorin auna narkewar ƙwaya a jami'a wajibi ne, kuma ina fatan ɗalibanmu su riƙa binciken abin da ya shafe mu, kamar yadda kunun kanwa ko goro ko tsamiya ke yi wa magungunan da muka fi sha, da abin da wata uku a shagon kwano ke yi wa kafso. Amma mai kemis na Jabo ba lissafin Noyes da Whitney yake bukata ba. Yana bukatar takarda guda da Hausa, boko da ajami, manne a bangon shagonsa, mai ɗauke da magunguna ashirin da ya fi sayarwa: wannan da abinci, wannan ciki babu komai, wannan ban da nono, wannan kada a daka. Ɗaliban ajin ƙarshe na tsangayar Sakkwato za su iya rubuta ta, malamansu su tace, a kai ta kowace gunduma.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan mai jinya. Idan aka miƙo maka magani, kada ka bar wurin sai ka ji ko da abinci ake sha ko kafin abinci, ko akwai abin da ba a haɗa shi da shi, ko ana iya raba shi ko daka shi, da abin da za a yi idan yaro ya amayar kafin awa guda. Ka faɗi duk wani abin da mara lafiyar ke sha, har da jiƙo da tsimi. Idan azumi ya gabato, ka je tun cikin Sha'aban a sake tsara lokutan, kada ka tara na safe da na rana ka haɗiye da buɗa-baki. A bar ƙwaya cikin ledarta ta asali har lokacin sha, a ajiye ta a wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da taga da murhu, inda hannun yaro ba ya kaiwa.